Sakan Biyar na Wuta a Bakin Jirgin Yaƙi

Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da filin jirgin saman Kano, wajajen Ungogo da Minjibir da Gezawa, sun saba da wani ƙaramin jirgi mai tsinin baki da ke shawagi da hantsi, ya karkata, ya juyo, ƙararsa na biye da shi a baya. L-39ZA ke nan, ƙirar ƙasar Cek, wanda makarantar sojin sama ta Kano ke horar da matuƙa da shi. Ana ɗaura wa irinsa bindiga a ƙarƙashin ciki, mai bututu biyu, faɗin bakin kowanne milimita 23. Harsashi 150 take ɗauka, tana kuma aman kusan 3,400 a minti, wato 57 a sakan guda. Duk mai lissafin kasuwa ya riga ya gano inda zancen ya dosa: in matuƙi ya danne kunama bai ɗaga yatsa ba, kafin sakan uku ya cika an yi an gama, ya koma tuƙa jirgi fanko.

Kada a ce don jirgin koyo ne aka yi masa rowa. F-16 na Amurka harsashi 511 yake ɗauka, bindigarsa na zubar da 100 a sakan, sakan biyar ke nan. MiG-29 na Rasha yana da 150, su ma sakan biyar zuwa shida. Rafale na Faransa 125, sakan uku. Jirgin da aka narkar wa biliyoyin naira, wutar bakinsa ba ta kai lokacin da mai ƙishi zai shanye moɗar ruwa ba. Masu ƙirar sun san da haka, kuma bai dame su ba, domin damar harbin kanta ta fi wannan gajarta. A karon jirgi da jirgi, abokin gaba kan shiga inda harsashi zai same shi na rabin sakan ne, in an yi sa'a sakan ɗaya. Siffar bindigar, yadda ake ɗura mata, na'urar saitinta, duk an tsara su ne saboda wannan rabin sakan ɗin.

Maharbin fadamun Haɗeja ya san rabin wannan karatu. Idan kirinjijiya suka taso daga ruwa suka gitta ta gabansa, ba ya ɗora bakin bindiga a kan wadda yake so. Yakan bi ta da bindigar, ya wuce ta da kamu biyu ko uku, sannan ya ja kunama hannunsa bai tsaya ba. Shi ne abin da yake gaya wa yaron da ke riƙe masa burgami: “Ɗana, kar ka harbi inda take, harbi inda za ta.” A sama ma haka ne, sai dai kamu ukun nan yakan koma abin da ido ba ya iya kintata. Harsashin milimita 20 na barin baki da gudun kimanin mita 1,030 a sakan, iska kuma ta fara cin gudun tun daga takun farko. Kafin ya kai mita 600 ya ɗauki kusan kashi bakwai cikin goma na sakan. Jirgin da ke gudun kilomita 900 a awa yana cin mita 250 a sakan. Idan gittawa yake yi, kafin harsashin ya iso ya matsa mita 175, fiye da tsawon filin ƙwallo ɗaya da rabi. Sararin da babu kowa matuƙi yake harbi, yana jiran abokin gabansa ya kawo kansa.

Ga kuma faɗuwa. Harsashi duk gudunsa ƙasa na janyo shi kamar yadda take janyo jifa. A rabin sakan ya sauka mita ɗaya da 'yan kai, a sakan ɗaya kusan mita biyar, a sakan biyu kusan ashirin. Shi ya sa ba a ɗora wa bindigar jirgi rai a bayan kilomita guda, kuma inda ta fi cizo tsakanin mita 300 ne da 600. Tsayi ma na sauya lissafin: a mita 10,000 kaurin iska kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke ƙasa, don haka harsashi ya fi riƙe gudunsa a can.

Inda matuƙi ya fi maharbi wahala shi ne bindigarsa ba ta motsi. A ɗaure take da jikin jirgi, bakinta na kallon gaba. Maharbi kafaɗa yake juyawa, matuƙi kuwa sai ya juya tan goma ko ashirin na ƙarfe da mai. Kuma idan yana bin jirgin da ke shan kwana, dole ya ja hancin jirginsa ya wuce gaban wancan, sai abokin gaban ya ɓuya a ƙarƙashin hancin daidai lokacin da ake son ganinsa. Don rage wannan ne aka ɗan ɗaga bakin bindigar F-15 da ta F/A-18 sama da kimanin digiri biyu. Ribar tana da kuɗinta: idan aka zo harbin ƙasa, sai matuƙi ya ƙara dunƙufar da hanci fiye da yadda zai so.

To me ya kawo saurin aman nan da ke cinye guzuri cikin sakan biyar? A ɗauki harsasan kamar ruwan tiyo da aka miƙa a kan hanyar da jirgi zai gitta. Bindiga mai 100 a sakan, tsakanin harsashi da mai bi masa jirgin nan mai gudun mita 250 ya matsa mita biyu da rabi kacal. In tsawonsa mita 15 ne, kimanin harsashi shida za su same shi kafin ya fice. Bindiga mai 25 a sakan kuwa tazarar mita goma ce, ɗaya ko biyu ne kawai za su same shi. Amsar masu bindiga mai jinkiri ita ce su ƙara wa harsashin nauyi, yadda ɗaya ma ya isa. Kan harsashin milimita 20 gram 100 ne, da abin fashewa kamar gram goma a cikinsa. Na 27 gram 260. Na 30 ɗin Rasha ya doshi gram 400. In aka auna ƙarfen da kowacce ke watsawa a sakan guda, ta Amurka da ta Rasha kusan kunnen doki suke, wajen kilo goma-goma.

Wannan gardama ta daɗe. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, F-86 na Amurka na ɗauke da bindiga shida masu milimita 12.7, suna samun jirgin MiG-15 sosai, amma sau da yawa MiG ɗin ya koma gida jikinsa kamar rariya, a liƙe ramukan ya sake tashi. Shi kuma MiG-15 yana da igwa ɗaya mai milimita 37 da harsashi 40, da biyu masu milimita 23. Wanda suka sama ya gama yawo, sai dai samun ne da wuya: amansu a hankali yake, kuma manya da ƙananan harsasan ba hanya ɗaya suke bi ba, saitin da ya dace da wannan ya kauce wa wancan. Daga nan kowa ya matso tsakiya, shi ya sa yau bindigogin jiragen yaƙi duk suna tsakanin milimita 20 da 30.

Bututu guda ba ya iya aman dubu shida a minti, narkewa zai yi, kuma ƙarfen da ke cusa harsashi ya zaro kwanso ba zai iya kai-komo da wannan saurin ba. Amurkawa sai suka koma wa dabarar Richard Gatling ta 1862, suka haɗa bututu shida a dami ɗaya mai juyawa. M61 Vulcan ke nan, wadda ta fara aiki a jirgin F-104 a ƙarshen shekarun 1950, har yau kuma ita ce a F-15 da F-16 da F/A-18 da F-22. Kowane bututu a zagayensa yana karɓar harsashi, a kulle bayansa, ya harba idan ya iso wani gurbi guda, sannan a zare kwanson. Rabonsa dubu ɗaya ne a minti, zafin ya rabu shida. Ƙarfin haidurolik na jirgin ne ke juya damin, ba hayaƙin harsashi ba, saboda haka in wani harsashi ya ƙi tashi, zagayen kawai zai fitar da shi a ci gaba. Aibinta ɗaya ne, amma babba: dami mai nauyi ba ya kai cikakken gudu nan take. Kamar injin niƙa ne da ake tayarwa, sai ya ɗan yi gurnani kafin ya kama. Vulcan na ɗaukar kusan sulusin sakan kafin ta cika gudunta, kuma a harbin da damarsa rabin sakan ce wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Turawan Yamma sun bi wata hanya da Jamusawa suka fara a ƙarshen yaƙin duniya na biyu: bututu ɗaya, amma a bayansa akwai ƙaramar ganga mai ɗakuna biyar da ke juyawa, yadda ana harba na ɗaki ɗaya, ana cusa wa wani, ana zare kwanson wani. ADEN ta Ingila da DEFA ta Faransa da Mauser BK-27 ta Jamus duk wannan gida ne. BK-27, wadda ke jikin jiragen Typhoon da Gripen, tana aman 1,700 a minti, kuma tun harsashin farko a cikakken gudu take.

Ta jirgin da ke shawagi a kan Ungogo dabararta daban, kuma duk wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya fahimce ta. Bututu biyu ne da aka haɗa da wani ƙarfe mai lilo. Tashin harsashi a na dama shi ke tura ƙarfen ya ɗura wa na hagu, na hagu ya tashi ya ɗura wa na dama, taɓarya na sauka ɗaya na ɗagawa. Wani Bajamushe mai suna Gast ya fito da ita a zamanin yaƙin duniya na farko, Rashawa suka raya ta a GSh-23. Irinta ce a jikin JF-17 ɗin da Najeriya ta karɓo daga Pakistan a 2021. Ba ta buƙatar injin juyawa, ba ta da nauyi, sai dai harsashinta na fita da gudun mita 715 ne kawai a sakan, don haka sai an ƙara matsawa kusa, an kuma ƙara tsawon gaban da ake ba wa abin harbi. Ta MiG-29 da Su-27 kuwa, GSh-30-1, bututu ɗaya ce tilo, nauyinta bai kai kilo 50 ba, ƙasa da rabin Vulcan. Da gangan aka sadaukar da tsawon ranta: bayan harsashi kamar 2,000 sai a canza bututu, kuma an kewaye gindinsa da ɗan ruwa wanda ke tafasa ya kwashe zafi.

Mafi yawan cijewar bindiga ba daga bindigar take tasowa ba, daga hanyar abincinta ne. Tsohon tsari shi ne jigida: kowane harsashi na riƙe da ɗan'uwansa da ƙaramar maɗaurar ƙarfe. Jirgin da ke shan kwana mai tsanani komai na cikinsa na yin nauyi ninki shida ko bakwai, jigidar da ke rataye ta miƙe, ta lanƙwashe a kusurwa, maɗaura ta buɗe. Bindigogin F-8 Crusader na sojin ruwan Amurka sun yi suna da cijewa a irin wannan hali a Biyetnam, wato daidai lokacin da ake neman su. Maɗauran da aka zubar waje su ma fitina ne. A Hawker Hunter na Ingila sun riƙa dukan cikin jirgin, har sai da aka liƙa masa wasu kumbura biyu a ƙarƙashin hanci don tara su. A Vulcan an yar da jigida gaba ɗaya. Harsasai na jere a babbar ganga mai wani ƙarfe murɗaɗɗe a tsakiya, irin na injin markaɗe, yana tura su zuwa wani bel da ke kai su bindiga, bel ɗin kuma ya dawo da kwanson da aka harba cikin gangar ta ɗaya bakin. Ba abin da ke fita waje injin ya haɗiya, kuma nauyin gaban jirgi ba ya raguwa farat ɗaya. Amma daidaiton haƙoran gangar da na bindigar wajibi ne. In makaniki ya haɗa su da kuskuren haƙori ɗaya, a gudun 100 a sakan ba cijewa kawai za a samu ba, harsasai za su dagargaje a cikin hanyar.

Sai hayaƙi. Albarushin da ya ƙone na barin iskar da ba ta gama ci ba, mai kama wuta. In ta taru a ɗakin bindiga tana iya fashewa, shi ya sa akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa da zarar an taɓa kunama, iska ta share ɗakin. In kuma hayaƙin ya shiga bakin injin, injin ya shaƙi abin da babu iskar numfashi a cikinsa, sai ya yi tari ko ya mutu, kamar fitilar kwai da aka toshe wa ƙasa. Hunter ya sha wannan a farkon rayuwarsa. A 1978 wani jirgin A-10 na Amurka ya faɗi a wajen gwaji a Kalifoniya bayan hayaƙin bindigarsa ya kashe injinansa biyu, matuƙin ya tsira da lema. Tun daga nan, duk lokacin da aka harba bindigar A-10 masu kunna wutar injin na tashi da kansu. Wannan bindiga, GAU-8, mai bututu bakwai da milimita 30, shurinta ya kai nauyin tan huɗu da rabi, ya ɗara ƙarfin inji ɗaya na jirgin. Dole aka sa bututun da ke harbi a tsakiyar jirgin cif, aka ture tayar gaba zuwa gefen dama, in ba haka ba kowane harbi sai ya karkatar da hanci. Zafi kuwa na cinye zaren da ke cikin bututu, wanda ke murɗa harsashi ya tafi a miƙe. In ya cinye, harsashi sai ya riƙa tuntsura-gudi a iska. Ɗakin da ya yi ja kuma yana iya tayar da harsashin da aka bari a ciki ba tare da an taɓa komai ba. Don haka ake ƙidaya kowane harsashi a littafin bindiga, ake kuma hana dogon dannawa.

Harsashin Vulcan da lantarki yake tashi, ba da dukan ƙusa ba, saboda haka a ƙasa akwai shinge uku: fil mai jan ƙyalle da makaniki ke sokawa, makunnin da ke yanke wuta muddin nauyin jirgi na kan tayoyinsa, da babban makunnin makamai da ke gaban matuƙi. Masu gyara kan tsallake wasu daga ciki don gwaji, kuma nan ne ake samun matsala. A watan Oktoba na 2018, a sansanin Florennes na Beljiyam, bindigar wani F-16 da ake gyarawa ta tashi, ta sami wani F-16 da aka cika da mai yana jiran tashi, ya ƙone ƙurmus.

Lissafin gaba da faɗuwa da nisa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutumin da jini ke zuƙewa daga kansa saboda kwana. Tun wajen 1944 Ingilawa suka sa wa na'urar saiti wani ɗan faifai mai juyawa kamar katantanwar yara. Jirgi na karkata, faifan na tirjewa, tirjewar nan ce ke auna saurin kwanar, sai ɗigon saiti ya ja baya gwargwadon haka. Matuƙi in ya ɗora ɗigon a kan abokin gaba, hancinsa ya riga ya ba da gaban da ake buƙata. Nisa ne ya rage, kuma F-86 ya samu ƙaramar na'urar rada a hancinsa tana auna masa. Yau kwamfuta ce ke haska alamomin a gilashin da ke gaban fuskar matuƙi. In radar ta kama abokin gaba, ɗigo ɗaya za a ba shi. In ba ta kama ba, ko an rikita ta, F-16 na zana masa layi biyu masu siffar mazurari, faffaɗa a sama, tsukakke a ƙasa. An riga an gaya wa kwamfutar faɗin fukafukan jirgin da ake tsammani, misali mita 11 na MiG-29. Matuƙi zai ja har bakin fukafukan biyu su taɓa layukan biyu, a nan nisa da gaba suka daidaita. In an shigar da faɗin ƙaramin jirgi alhali babba ne a gaba, mazurarin zai nuna an matso alhali da saura, harsasai su bi ta bayansa.

Sharaɗi na uku shi ne wanda sababbin matuƙa suka fi faɗuwa a kai: sai kwanar mai harbi ta hau kan faifai ɗaya da kwanar wanda ake bi. In ya karkata ko da kaɗan, nisa daidai, gaba daidai, amma ruwan harsasan ya bi ta gefe. Wanda ake bi ya san haka, shi ya sa ba gudu yake sa a gaba ba, mirginawa yake yi yana sauya faifan kwanarsa kowane sakan. Abin da ke ɗan rufa asiri shi ne bazuwar harsasai. Vulcan na zuba kashi 80 cikin ɗari a da'ira mai faɗin mita 8 in nisan mita 1,000 ne, mita 4 in 500 ne. Ba a ɗauki wannan aibi ba. Maharbin da ke ɗura wa adakarsa tarin ƙananan dalma maimakon ƙwaya ɗaya ya san amfaninsa. Kuma duk wannan lissafi banza ne in bakin bindiga da alamar gilashi ba wuri ɗaya suke kallo ba. Akan ɗora jirgi a kan jak, a zura madubin saiti a bututu, a daidaita shi da allo. Ko F-35A, da duk tsadarsa, rahoton gwajin ma'aikatar tsaron Amurka da ya fito a farkon 2020 ya ce bindigarsa na kauce wa saiti saboda ba a ɗaure ta daidai ba, mazauninta kuma na tsagewa.

An taɓa yi wa bindiga jana'iza da ranta. F-4 Phantom ya fito babu ita, an ce makamai masu linzami sun wadatar. A Biyetnam sai ga Sparrow, makami mai linzami mai bin rada, ba ya kayar da ko ɗaya cikin goma na abin da aka harba shi a kai, ga dokar sai an ga jirgi da ido kafin a harba, ga shi in an matso sosai makamin ba ya samun filin kama hanya. Aka rataya wa jirgin Vulcan a akwati ƙarƙashin ciki, akwatin na rawa, harsasai na fantsama. A 1967 aka fito da F-4E da bindiga a cikin hancinsa. A wannan shekarar ce kuma jiragen Mirage na Isra'ila suka kayar da mafi yawan jiragen da suka kayar da bindigar DEFA. Makaman yanzu sun wuce na wancan zamani nesa, kuma gaskiya ita ce kayar da jirgi da bindiga ya zama abin nema. Aikinta ya koma ƙasa, da kuma kan ƙananan jirage marasa matuƙi, waɗanda asara ce a kashe musu makamin da ya ninka kuɗinsu. Su ma ba sauƙi gare su ba. Shahed, ɗaya daga cikinsu ƙirar Iran, na tafiyar kilomita 185 a awa, mai bin sa na ninka wannan sau uku ko huɗu, kafin ya saita ya iso kansa, in ya fashe kuma tarkacen na gabansa.

A Najeriya dai harbin ƙasa ne aikin. Alpha Jet na ɗaukar bindigarsa a akwatin ƙarƙashin ciki, Super Tucano mai farfela, wanda aka kawo guda 12 a 2021, yana da biyu masu milimita 12.7 a cikin fukafukai. Ga yadda lissafin jet yake. Matuƙi zai sunkuyo da digiri 20, yana gudun mita 230 a sakan. Ya buɗe wuta a nisan mita 1,500, ya tsagaita a 900: sakan biyu da rabi. A wannan gaɓar tsayinsa daga ƙasa mita 300 ne da 'yan kai, yana kuma sauka mita 80 kowane sakan. Ɗago hancin kansa zai ci fiye da mita 100 kafin jirgin ya daina nutsewa. Wanda ya tsaya kallon inda harsasansa ke sauka na sakan biyu, ya bi su. Harsashin da ya daki fako ko dutse kuma yakan yi tsalle sama, daidai hanyar da jirgin zai bi. Har ma ba sai ya yi tsalle ba: a ranar 21 ga Satumba 1956 wani matuƙin gwaji, Tom Attridge, ya harba bindigogin F11F Tiger yana gangarowa, ya ƙara sunkuyawa ya ƙara wuta, bayan sakan 11 ya riski harsasansa da iska ta rage wa gudu, suka fasa masa gilashi suka lalata injin.

Wanda ke ƙasa ya kamata ya san siffar abin. Da'irar nan mai faɗin mita 8 in ta sauka a karkace miƙewa take yi: a digiri 20 tsawonta ya haura mita 20, a digiri 10 ya haura 45. Kuskuren digiri ɗaya a hannun matuƙi na kai ta gefe da mita 20 a nisan 1,200. Daga kilomita ɗaya da rabi mutum ɗigo ne, mai fartanya a kafaɗa da mai bindiga ba su da bambanci, balle a watannin hunturu da hazo ke hana ganin ƙarshen titin filin jirgi. Bindiga ta fi bam taƙaita ɓarna, amma duk wanda ya ce tana tsince mutum ɗaya a cikin taro bai yi wannan lissafin ba. Sanin waye a wurin aikin masu leƙen asiri ne tun kafin jirgi ya tashi.

Akwai kuma abin da ke saura a gona. Bindigogi irin GSh-23 na zubar da kwansonsu waje, kuma fankon kwanso ba ya komai. Kan harsashin ne abin tsoro: ƙarfe mai kaurin babban yatsa, bai kai gram 200 ba, da zoben jan ƙarfe kusa da gindinsa. Makunninsa na kwancewa ne da ƙarfin fita da murɗawar bututu, ya jira duka. In ya faɗa taɓon fadama ko rairayi a karkace, dukan ba ya isa, sai ya kwanta a ɗane, shekara da shekaru, har garma ta tono shi. A tsarin Turawa na atisaye shuɗi ne, mai fashewa rawaya, amma damina biyu ta isa ta cinye fentin, na Rasha kuma alamominsa daban. Zoben jan ƙarfen ne ke jan 'yan gwangwan, su sa guduma su cire, ko yaro ya kai wa maƙeri a jefa a wuta. A bar shi inda yake, a kafa reshe ko a jera duwatsu nesa kaɗan da shi don alama, a hana yara da dabbobi bi ta wurin, a gaya wa mai unguwa ko dagaci ya sanar da 'yan sanda, suna da sashen kwance bama-bamai.